Ƙofar da Ba Ta Ganin Yara

Daga: Wafa Ben Ramdan, ɗalibar shekara ta uku, shirin digiri na karatu haɗe da aiki

Zuwa ga: Mai girma Daraktan Shirin, Makarantar Injiniyoyi ta Sidi Mansur, Safakus

Rana: 2 ga Satumba, 2024

Game da: ƙofar ƙarfe mai rufe kanta da za a kafa a gidan rainon yara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na taɓa gaya wa 'yata Ilaf, mai shekara uku, cewa ƙofar da muke haɗawa a wurin aiki tana da ido. Shekaranjiya muna cin abinci ta ce, "Mama, ni ma tana ganina?" Na ce ta ci kifinta. Amsar gaskiya ita ce a'a, shi ya sa na rubuto.

1. Makarantarku ce ta tura ni kamfanin da nake koyon aikin injiniyar tsarin na'urori, ƙarƙashin Si Munsif Zuwari. Ƙofar da aka ba mu tun asali ta ɗakunan ajiyar kaya ce. Idon da ke hana ta rufewa a kan abu an sa shi daidai ƙirjin babban mutum, saboda manyan motoci.

2. Ranar 8 ga Yuli aka sanar cewa kamfani zai ba da irin wannan ƙofa kyauta ga gidan rainon da 'ya'yan ma'aikata ke zuwa. Aka tafa, aka raba alewar baƙalawa, ni ma na ci. Ilaf tana cikin yaran gidan. Darasin farko da malamanku suka koya mana shi ne: kafin a zana komai, a tambayi wa zai yi amfani da shi. Na tambaya. Si Munsif ya ce mini, "'Yata, ƙofa ƙofa ce."

3. Ranar 22 ga Yuli na kai buhun garin kuskus ɗakin gwaji, na sa masa tsohuwar rigar Ilaf, tunda tsayinsu ɗaya, na tsayar da shi a bakin ƙofar na danna maɓallin rufewa. Ƙofar ba ta ko rage gudu ba. Buhun ya fashe. Si Munsif ya dubi ƙasa ya ce na ɓata ɗakin gwaji kuma na yi ɓarnar abinci. Ya ce in share. Na share. Rigar tana nan, ban wanke ba, na kasa.

4. Washegari aka ɗauke ni daga aikin, aka mayar da ni liƙa wa wayoyi lamba. Si Munsif kuma ya shaida wa malamina na makaranta cewa ina da ƙoƙari amma hankalin uwa ya rinjayi na injiniya. Ban musa ina da hankalin uwa ba. Buhun dai ba shi da uwa, kuma ya fashe.

Ba Si Munsif nake so a hukunta ba, ya koya mini abubuwa da yawa. Ba kuma makin da za a ba ni nake kuka a kai ba. Roƙona shi ne ka turo malami ɗaya a sake gwajin a gabansa, a ƙara ido na biyu daidai gwiwa kafin 16 ga Satumba, ranar da yara za su koma bayan hutu. Aikin yini guda ne. Buhun ni zan kawo.

Ina mai neman afuwa idan na zarce matsayina na ɗaliba, ka sani cewa idan ranar ta zo ba a gyara ba, ba za a gan ni a aji ko a kamfani ba. Za a same ni tsaye a tsakiyar ƙofar, tunda ni tana ganina. Kuma ranka ya daɗe, idan kana da jikan da bai kai ƙugunka ba, kada ka saki hannunsa a bakin wannan ƙofa.

Ɗalibarka mai biyayya,
Wafa Ben Ramdan