Shahadar tuƙi tana Bur Sudan, Innata tana Misfala

Wani ɗan'uwa ne ya aiko, ya ce a karanta wa jama'a amma a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na majalisar bayan la'asar. Don Allah ku ba ni shawara, wanda ya gane ni kuma ya rufa min asiri, kar maganar ta riga ni isa gida.

Ni haihuwar unguwar Misfala ne a Makka, ban taɓa ganin Kano ba sai a bakin iyayena. Na daɗe ina aiki a bakin ruwan Jidda a kan jirgin ja, wato ɗan ƙaramin nan mai ƙarfin tsiya da ke jan manyan jiragen alhazai yana kai su jikin gadar da suke tsayawa. Da wankin benen jirgin na fara, yanzu ni ke riƙe igiya, in ruwa ya kwanta kuma shugaban jirgin, da muke ce wa Rayyis, yakan sakar min sitiyari. Wallahi ranar da na fara jin ƙaton jirgi yana bin hannuna kamar raƙumi da akala, na san ba ni da wata sana'a sai wannan.

To amma yanzu zamani ya juya, tun da aka yi sabuwar gada ba a ba mutum jirgi sai da shahada, wato takardar shaidar ya iya tuƙi. Hanya biyu ce a gabana. Ta farko in ci gaba da zama ƙarƙashin Rayyis har ya rubuta min shaidar cewa na iya, a gwada ni a nan Jidda. Mutumin kirki ne, ban ɗauke masa ba, sai dai kullum na tayar da zancen sai ya ce bukura inshallah, wato gobe, goben nan kuwa ta ƙi zuwa. Kwanan baya da na matsa masa har muka ɗaga wa juna murya, shi ne ya fito min a fili, ya ce ko ya rubuta ba za a gwada ni ba sai da takardar tabi'iyya, ta zama ɗan ƙasa. Ni kuwa ba ni da ita.

Kun san halin iyayenmu. Lokacin da aka yi ta kiran mutane su je a rubuta su, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙi zuwa. Wai shi baƙon Allah ne, aikin hajji ya zo, baɗi za mu koma gida, me zai yi da takardar wata ƙasa? Baɗin nan yake faɗa har muka kai shi maƙabartar Ma'ala muka rufe. Ban riƙe shi a zuciya ba, amma in na tuna raina yana ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na nemi tawa daga baya, an ce in kawo shaidar uba, uban kuma bai bar komai ba sai buta da carbi.

Hanya ta biyu, wani injiniya Basudane da muke aiki tare ya samo min gurbi a Bur Sudan, can ƙetaren ruwa. Akwai koyo na sosai, fitilu da alamomi da taswirar ruwa, shekara biyu a ba ka shahada da ake karɓa ko'ina. Har na fara murna, sai na je neman takardar fita. Ashe irina ba a ba shi komai sai takardar alhajin da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Ni da aka yanke wa cibiya a Misfala! Mai rubutun ya gaya min gaskiya, ya ce in na fita da ita babu mai lamunce min dawowa zama, watakila a bar ni in shigo lokacin hajji kamar kowane baƙo, watakila a samu kamfanin da zai tsaya min saboda shahadar, watakila kuma a'a.

Ga Inna. Ni kaɗai na rage mata namiji, yayata tana aure a Madina. Idonta ya yi rauni, ƙosai da kunun da take sayarwa ma yanzu da laluben hannu take yi. Ta sha gaya min irin wuyar da suka sha a jirgin katako daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, don haka ko aikin Jiddan ma da ƙyar ta yarda, sai da na yi alkawarin duk Juma'a zan zo. Kawuna na faɗa wa, ya hau ni da faɗa, wai mutane suna sayar da gonakinsu su tako da ƙafa don su mutu a Makka, ni ina neman hanyar fita. Na ce masa to in tsufa ina jan igiya, yaran da na koya wa ɗauri suna ba ni umarni? Ya ce sai me, haka muka rabu ba daɗi.

Juma'ar da ta wuce na shiga gida da niyyar in gaya mata komai. Na tarar ta shanya wani farin yadi a tsakar gida yana ɗiga. Na ce Inna wannan fa? Ta ce likkafaninta ne, ta sa an jiƙa mata shi da zamzam tun tana da ƙarfinta. Da ya bushe ta sa na ninke, ta nuna min ƙasan akwatin da zai zauna, ta ce, "Ka gani da idonka ko? Kar ranar ta zo ka tsaya nema, tun da kai za ka sa ni a rami kusa da babanka." Na ce to Inna. Haka na koma Jidda da maganar da na zo da ita a cikina.

Jirgin Bur Sudan zai tashi bayan an gama kwashe alhazai, injiniyan kuma ya ce in ban bi wannan ba gurbin na wani ne. Akwai wanda ya san wata ƙofar da ɗan Makka marar tabi'iyya zai bi ya samu shahada bai fita ba? Akwai wanda ya fita da takardar alhazai ya dawo ya zauna? In kuma babu, ku gaya min tsakani da Allah, in tafi ko in zauna? Domin na riga na ce mata to.