'Yata Ta Ninke Jawabin Ranar Uwa Ta Sauko

Goggo Wilai, ki taimake ni, kuma ki sani ban saba roƙo ba. A aji uku na sakandare na tsaya. Da hannuna na share daji a lardin Chanthaburi na dasa itatuwan marmari na durian, yau bishiya ɗari huɗu gare ni, ga gidan bulo, babu wanda ya ɗora min ko tubali. Amma 'yar shekara sha biyar ta gagare ni.

'Yata ce tilo, ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba. Uwarta ta rasu bara waccan, ko wajen ƙona gawa ba ta yi hawaye ba, har ina alfahari wai zuciyata ta gado. To a watan Agusta makaranta ta zaɓe ta ta karanta jawabin Ranar Uwa. Kin san yadda ake yi, iyaye mata jere kan kujeru, yara su durƙusa su miƙa fure. Na sa ƙanwata ta zauna mata, ai kujera kujera ce. Yarinyar nan ta hau dandamali, ta kalli ƙanwata, ta ninke takardar ta sauko. A gaban shugaban makaranta! A mota na yi mata tatas. Yau sati biyar ba ta cin abinci da ni, ta rame, littafi ma sai dai ta zuba masa ido, ga jarrabawar shiga makarantar Bangkok tafe. Yaya mai warware lissafin da ni ko karanta shi ban iya ba za ta kasa riƙe zuciyarta minti biyar? Tsoro nake kada wani abu ya taɓa mata kai.

Ki buga sunana cikakke, ni ba na ɓuya.

AMSA

Ɗan'uwa, na cire sunan, domin 'yarka ma da shi ake kiranta a makaranta.

Ka yi ƙoƙari, kuma kunyar da ka ji ba laifi ba ce. Sai dai iya lissafi daban, iya ɗaukar rashi daban, kuma na biyun babu wanda ya koya mata. Ta ga ba ka kuka, ta ga kana yabon shirunta, sai ta haɗiye har ranar da aka zaunar mata da wata a gurbin uwarta.

Ka ba ta haƙuri kan faɗan mota, da bakinka. Ku dafa abin da marigayiyar take so, ku miƙa wa sufayen haikali sadaka da safe da sunanta, kai ka fara ambatonta. Ramar nan kuma ba ta jira, ku ga likita cikin satin nan. Jarrabawa in ta wuce akwai wata makarantar. In ta yi kuka, ka zauna kusa da ita kawai, kada ka ce ta daina.

Ina muku fatan sauƙi, ku biyun.