Biyen Baba Zuwa Lyon

Lyon, 17 Nuwamba 1995

Yaya Chaibou,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Biba da yara. Wayar gidan ɗalibanmu ta mutu, shi ya sa na rubuto.

Ina Baba? Jiya na tsaya a gar, tashar jirgin ƙasa, har jirgin Paris ya watse, ban gan shi ba. Tun daga Damagaram tsohon nan ya taso don ya ga ranar da zan kare tez ɗina, wato kundin digirina, gaban malamai, ran ashirin da bakwai. Shi kaɗai ya tsaya mini lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Tun yana gida na ce a yanko masa katin nan na baƙi, mai shiga jirgi duk ranar da aka so, ya ga Lyon ya ga Marseille. Ka ƙi, ka sayi biye, wato tikiti, mai arha da ba a canza masa rana. Ga shi ana ta zancen ma'aikatan jirgi za su shiga yajin aiki ran Juma'a mai zuwa. Wallahi hankalina a tashe yake.

Ƙanwarka,
Saadatou

Saint-Denis, 20 Nuwamba

Saadatou,

Gaisuwa mai yawa. Duka muna lafiya, Baba ma ƙalau.

Ki rage faɗa, ni ma raina a ɓace yake. Biyen ya ƙone. Baba yana Sevran gidan Alhaji Illo, abokinsa na ƙuruciya, wai gaisuwar rasuwar Hajiya, matar Alhaji, ya je yi, yini guda. Na je ɗaukarsa da sanyin safiya, jakarsa a ɗaure, amma ya ce shi ba ya barin gidan mutum sai mai gida ya sallame shi. Alhaji kuwa kullum sai gobe. Na ce Baba, jirgin Faransa bai san sallama ba. Ya harare ni, ya ce shi ya san ta.

Na ja Alhaji gefe na roƙe shi. Gidan shiru, 'ya'yansa duk sun watse. Sai ya ce, "Chaibou, in na sallame shi, ni da shi sai a lahira." Me zan ce masa?

Yayanki,
Chaibou

Lyon, 21 Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tausaya wa Alhaji, Allah Ya jiƙan Hajiya. Amma ba za a ɗage mini rana ba, na tambaya. In yajin ya kama Baba a Sevran, shi ke nan, ya yi tafiyar banza, ni kuma kujerar da na roƙa masa a sahun gaba ta zauna babu kowa. Don Allah kar ka sake yanko mai rana. Ka sayi wanda ake canzawa, ka riƙe a aljihu, ko minti ɗaya Alhaji ya sassauta ku kama hanya.

Saadatou

Gare de Lyon, Paris, Alhamis

Saadatou,

A tsaye nake rubutu, Baba zai miƙa miki da hannunsa. Na sayi mai canzawa yadda kika ce, amma guda biyu. Na tuna wa Alhaji cewa baƙo ko ba a sallame shi ba, ana iya taka masa. Sai ya tashi ya ɗauko hularsa.

Har yanzu bai sallami Baba ba. Rakiya ce kawai zai yi masa har Lyon, in ji shi. Ki roƙi kujera ta biyu.

Chaibou