Lallen Hannun Dama

Laurel, 3 ga Maris

Ƙanwata Aminatou,

Assalamu alaikum. Ya Boubacar da yara, ya ƙarfin jiki? Mudathir direba zai zo Damagaram, shi na ba wa takardar nan, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Tsohuwar da nake jinya a nan ƙasar waje sunanta Becky, 'yar ƙabilar Inuit ce daga Alaska. Jiya ina taje mata kai ta ba ni tatsuniyarsu. Wai da can hankaka fari ne fat. Shi da wani tsuntsun ruwa suka shirya yi wa juna kwalliya da baƙin fitila. Hankaka ya yi wa abokinsa zane mai kyau. Da aka zo kansa ya ƙi zama wuri ɗaya, abokin ya fusata ya juye masa baƙin duka. Na ce sai kuma me? Ta ce shi ke nan, har yau bai fita ba.

Banɗaki na shiga na yi kuka. Kin tuna jajibirin aurenki, na gama miki lallen hannun hagu, kika riƙa tashi gaida baƙi, na juye kwanon a farin leshinki? Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa a waya kamar maƙwabta, ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ki yafe mini.

Yayarki,
Hajjo

Damagaram, 20 ga Afrilu

Yaya Hajjo,

Wa alaikumus salam. Kowa na gaishe ki. Wato sai da tsohuwar ƙasar ƙanƙara ta yi magana kika san kin yi laifi? Ki gaya mata hankakanmu na nan da fari a ƙirji, ai mai juyewar bai rufe ko'ina ba.

Na yafe tun kafin leshin ya bushe. Amma aikinki bai ƙare ba. Hannun hagu nakan yi wa kaina, na dama kuwa sai da wani, kuma naki ne. Ciwon nan ya kai ni Yamai sau biyu, likitoci sun fara yi mini magana a hankali. Ki zo, Yaya. Yanzu ina iya zama wuri ɗaya.

Ki huta lafiya,
Aminatou

Laurel, 9 ga Yuni

Aminatou,

Ina gaisuwa. Na nuna wa lauya takardarki, ya ce in na fita ƙasar nan kafin takardun zamana su fito, ba ni ba dawowa wurin 'ya'yana. Wata huɗu ya ce. Na sayi lalle a garin Lanham, yana cikin akwati. Becky ta yi dariyar hankakanki har ta ƙware. Don Allah ki jira ni, tsoro nake ji.

Taki,
Hajjo

Damagaram, 2 ga Satumba

Yaya Hajjo,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya. Kin ji rasuwar Aminatou a waya, amma akwai abin da na kasa faɗa. Tun aurenmu, kowace Salla hannu ɗaya take yi wa lalle. Mata sun sha cewa su ƙarasa mata, tana cewa da mai shi. Masu wanka sun ce haka suka same ta, hagun ya yi ja, daman babu komai.

Allah ya ba mu haƙuri.

Boubacar