Rijiyar Bayan Gidanmu

Unguwar Kanya, Zakirai
Farkon watan Maris

Zuwa ga Yayata Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Yahya da yara. Yaya ciwon bayan nan naki, ya lafa? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Sa'adiyya ta fara tafiya, ba ta barin komai a inda aka ajiye shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. Wayarmu guda ce, ta Baban Sa'adiyya, maganar da nake son yi kuma a kansa ce. Shi ya sa na ba Malam Nababa direba ya miƙa miki.

Kin san yadda ya koma tun da mai adaidaita ya karɓe abinsa, ya dawo gida daga birni. Bai cika magana ba, in ya fita majalisa ma ba ya daɗewa. To, da famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ya lalace muka koma ɗebo ruwa can wata unguwa, ya riƙa ganina ina dawowa da jarka a ka da goyo a baya. Wata safiya sai ya ɗauki diga ya shata wuri a bayan gida, kusa da darbejiya, ya ce nan zai haƙa mana rijiya. Na ɗauka masu haƙa zai kira, ashe shi kaɗai yake nufi.

Gaskiya hannunsa yana da kyau, Yaya. Ya kafa itace uku a bakin ramin, ya rataya tsohon wilin babur yana jan igiya a kai. Ya farke tsofaffin durom ya lanƙwasa su zobe biyu, babba da ƙarami, yana zuba kwaɓin siminti a tsakaninsu. In ya sha iska sai ya kwance, ga zoben siminti ya fito, irin wanda ake jerawa cikin rijiya. Ya jera su a inuwa, safe da yamma ina yayyafa musu ruwan da ni na ɗebo. Rabon da in ga yana murmushi irin na ranar da na farko ya fito lafiyayye har na manta.

Aikina shi ne igiya. Yana ƙasa yana cika bokiti, ina sama ina ja ina zubarwa. Da fari ina ganin kafaɗarsa, daga baya sai hularsa, yanzu sai na durƙusa na leƙa kafin in hango shi. Muryarsa ma ta sake, kamar daga cikin tulu take fitowa. In ya yi shiru na ɗan lokaci sai in kira shi, ya ce numfashi yake mayarwa.

Yayansa Abdulmumini ya zo ya leƙa, ya ce a gaban mutane wai me direban adaidaita ya sani game da rijiya. Tun ranar ya ƙara wa aikin wuta, ko hutun rana ya daina.

Don Allah ki sa Yaya Yahya ya kira shi kamar gaisuwa kawai, ya sako zancen ya nemi masu sana'ar su kama masa. Yana jin maganarsa. Kada ya nuna daga wurina ta fito.

Ki gaida yara, ki gaida maƙwabciyarki da ta ba ni turare.

Ƙanwarki,
Ramlat


Unguwar Kanya
Tsakiyar Afrilu

Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida baki ɗaya, da fatan kuna lafiya. Na ga man zafi da sabulun da kika aiko, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Ki ce da Yaya Yahya na gode, amma kada ya sake kiransa a kan maganar. Ya gane. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye wayar, ya daɗe yana kankare ƙasa a jikin diga, sannan ya ce, "Ramlat, ke ma gani kike ba zan iya ba?" Na ce ba haka ba ne, tsoro nake ji. Ya ce ya sani. Washegari ya shiga ramin bai ko karya ba.

Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, wadda ta cinye masa bakin diga har sai da maƙeri ya gyara. Yanzu ya isa yashi, kuma yashin da damshi. Ranar da bokitin farko ya hau da sanyi a jikinsa ya ce in kai wa Inna mahaifiyarsa ta taɓa. Ta damƙa, ta shinshina, ta yi ta sa masa albarka. Marmara tana tsayawa da kanta, yashi ba ya tsayawa. Ko ni da ban san aikin ba ina jin yadda yake zubowa a hankali daga gefe, sur-sur, in ya dakata da sara.

Mun fara saukar da zobunan. Muna naɗe igiya a jikin darbejiya, mu riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har zobe ya zauna a ƙasa. Sai ya shiga cikinsa ya riƙa kwashe yashin ƙarƙashi, zoben yana nutsewa da nauyinsa, a ɗora wani a kai. Tafin hannuna duk ya yi kanta. Guda ɗaya ya tsage wajen saukarwa, na ce a jefar, ya ce zai liƙe. Na dage har ya haƙura, wannan ne kaɗai abin da na ci nasara a kansa.

Akwai kuma maganar iska. Ranar Laraba ya hauro yana layi, leɓɓansa sun yi fari, ya kwanta a ƙasa bai iya magana ba. Wai iskar ciki ce ta yi nauyi. Yanzu kafin ya shiga sai mun ɗaura reshen darbejiya mai ganye mu yi ta zurawa muna jawowa. Ya ce hakan ya wadatar. Ban sani ba.

Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, shi ma yana kallonsa. So yake ya gama kafin ruwan farko, don haka sauri yake, saurin kuma shi nake tsoro. Na yi tunanin ɓoye digar, na yi tunanin zuwa wurin Yaya Abdulmumini in roƙe shi. Amma na san in aka hana shi wannan aikin, wanda zai zauna a ɗakina ba shi ba ne, inuwarsa ce.

Ki sa mu a addu'a, ki sa yaran islamiyyarku ma su yi mana.

Taki,
Ramlat


Unguwar Kanya
Farkon Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san labari ya iso muku, na kuma ji muryarki a waya kina kuka. Ki kwantar da hankalinki, yana raye, yana ci yana sha. A wayar ban iya faɗa miki komai ba saboda ɗakin cike yake da masu dubiya.

Da hantsi ne. Na jawo bokiti ina juyewa sai na ji wani sauti kamar an kifar da buhun hatsi, sannan ya kira sunana sau ɗaya. Da na leƙa, zoben ƙasa ya karkace, yashi ya kwararo ta ƙarƙashinsa ya binne shi har ƙugu, ƙafarsa ɗaya kuma zoben ya danne ta. Ya ɗago kai ya ce kada in tsaya a baki, ƙasa tana zubo masa. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba takalmi. A gona na sami Yaya Abdulmumini yana sharar shuka. Bai tambaye ni komai ba, ya yar da manjagara ya riga ni isowa.

Mutane suka taru, kowa yana faɗin tasa, babu mai son shiga. Yaya Abdulmumini ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Da hannu da ƙoƙo ya riƙa kwashe yashin, maza suna ja, wani yana sake zubowa. Ina jin sa daga ƙasa yana ta kiran sunan ƙaninsa yana cewa, "Basiru, dube ni, kada ka rufe ido." Sai bayan azahar aka ɗaga zoben da sanda aka zaro ƙafar. An kai shi asibiti an ɗauki hoto, karaya ce a ƙwauri, an ɗaure.

Yanzu yana kwance fuskarsa a bango. Yaya Abdulmumini bai ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Dattawa sun yanke a cike ramin ranar Asabar kafin wani yaro ya faɗa. Da aka gaya wa Baban Sa'adiyya sai ya ce to.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da safe na je gyara itatuwan da aka rufe bakin da su, na leƙa. Yaya, akwai ruwa. Na ga sama a ciki, na ga kaina. Na jefa tsakuwa don in tabbatar, na ji ta faɗa tsulum. Na mayar da itatuwan na ɗora ƙaya a kai, ban gaya wa kowa ba.

In na faɗa, ba za a cike ba, kuma dole wani ya sake sauka ya daidaita zoben nan. In na yi shiru, za a binne wahalarsa duka, ya tashi yana ganin bai taɓa gama komai ba, alhali ya kai. Ina kai masa abinci ba na iya haɗa ido da shi.

Amsarki ba za ta iso kafin Asabar ba, na sani. Na dai kasa riƙewa ni kaɗai.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ramlat


Unguwar Kanya
Ƙarshen Mayu

Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Yahya, da fatan ruwan da aka yi bai yi muku ɓarna ba. Mu nan an yi shuka. Mai jiki da sauƙi, ya fara dogara sanda.

Na ga takardarki, kin ce in yi shiru. Ta same ni na riga na faɗa, ki yafe mini. Ranar Asabar ɗin ina jin ƙarar shebur a ƙofar gida na zura gwangwani na ɗebo, na kai masa ɗaki. Ruwan ja ne, duk laka. Ya tashi zaune ya daɗe yana kallonsa, ya tsoma yatsa. Na zaci zai ce da ya warke zai koma. Sai ya ce in kira masa Yaya Abdulmumini. Da ya shigo ya miƙa masa gwangwanin ya ce, "Yaya, ba zan iya ƙarasawa ni kaɗai ba. Ka taimake ni."

Aka ɗauko wani tsohon mai haƙa daga Minjibir ya tsaya a kan aikin, ya ce zobunan ba su da aibu. Amma ya tsufa da sauka, don haka Yaya Abdulmumini ne ya sake shiga. A ranar, matarsa Aina'u, da muke gida ɗaya, ta same ni a madafa ta ce da na kama bakina da yanzu kowa yana zaune lafiya. Gaskiyarta ce kuwa. Duk kwanakin da ya yi yana sauka, tana ƙofar ɗakinta da carbi, ina ƙofar nawa, ba mai duban wata. Da wani abu ya same shi ban san da wane ido zan dubi 'ya'yansa ba. 

Allah ya tsare, ya fito lafiya. An jera zobuna har sama, ruwa ya kwanta ya yi garau. Baban Sa'adiyya da kansa ya yi wa bakin dakali, yana zaune a kan turmi ƙafa a miƙe, ya haɗa murfin katako mai sakata. Unguwa duka nan take ɗiba.

Ban da Aina'u. Har yau can nesa take zuwa da jarkarta, ta wuce ta gaban rijiyar ba ta waiwaya. Yau da safe na cika tulu na kai ƙofar ɗakinta na ajiye, na yi sallama ba ta amsa ba. Da na koma da la'asar tulun yana nan a cike. Na bar shi a wurin. Gobe zan sake mata sabo.

Ki zo ki ga rijiyar idan kin samu sarari, ki kuma shiga wurinta ku gaisa, tana ganin girmanki.

Wassalam. Ƙanwarki,
Ramlat