Abin da Muka Kira Sanyi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya jikin Malam, ya yara? Mu nan Sandamu sai godiya.

An gwada ni a Daura, an sami ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa. Likita ta ce jikin wasu mata kan kore ta, na wasu kan riƙe ta, kuma da gado a ciki. Sai ta tambaye ni me ya kashe Inna.

Yaya, me zan ce? Shekara uku tana zubar jini, Gwaggo ta kafe sanyi ne, ni kuma ina dafa sassaƙen da take kawowa.

Ki je a duba ki, ki kai 'yan matanki rigakafi. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Gwaggo tana gaishe ki. Jiya ma ta aiko min da sassaƙe.

Ƙanwarki,
Balaraba