Koren Ƙyallen da Na Ɗinka Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan wannan takarda za ta iske ka da rai da lafiya a duk ƙasar da kake. Ni ce Kubra, daga unguwar Harra ta Gabas a Madina, gidan nan dai da ka sani, sai dai an sake masa fenti, kurnar ƙofar gida kuma ta mutu. Za ka ga ban rubuta sunanka a sama ba. Da gangan na bar shi, kuma zan gaya maka dalili kafin in rufe.

Ba ni da adireshinka, ba ni da lambar wayarka. Shi ya sa na ajiye wasiƙar a shafin da kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka ita a Maradi, ko a Agadas, ko duk inda shekara talatin da ɗoriya suka kai ka.

Na zama malama, kamar yadda kake tsokanata. Kowace Asabar ina tara 'ya'yan unguwa ina koya musu karatu da rubutun Hausa, yaran nan da za ka yi musu magana da Hausa su amsa maka da Larabci. Abla suke ce mini, wato malama. Ina son su ƙwarai, kuma kullum ina ce musu su tambayi tsofaffinsu labari tun suna da rai. Ban san wata rana wannan nasihar za ta dawo ta tsaya a ƙofata ba.

Akwai wata tsohuwar ɗalibata, Rawan, yanzu tana aiki a kantin magani a Anbariyya. Ita da abokanta suna da ƙungiya a intanet, ba su da aiki sai tono tarihin musara'a, kokawar nan ta dandali mai igiya da ake yi a Jidda da Yanbu lokacin muna yara. Suna bin tsofaffin kaset na bidiyo, da takardun talla da suka kusa cinyewa, suna neman dattawan da suka taɓa hawa dandalin su ɗauki bayaninsu. Wata uku da suka wuce ta zo mini da waya a hannu, tana dariya tun daga tsakar gida. Ta ce, "Abla, wallahi wannan mutumin namu ne. Isma'i, ji abin da yake faɗa!"

Wani dogon mutum ne da koren ƙyalle a fuska. Mai shela yana cewa dodo ne daga dajin Afirka, ba ya jin Larabci, ba ya jin maganar bil'adama. Jama'a suna yi masa ihu suna jifansa da kwalin lemo. Shi kuwa ya hau igiya yana dukan ƙirji yana ruri: "Dakuwa! Alkaki! Kunun gyaɗa da zafi!"

Kayan tallan Inna kenan, Yaya, a jere kamar yadda take kiransu a gindin dutsen Uhudu. Rawan tana dariya har da hawaye. Ni kuwa ban ma jira muryar ba. Ramin idon hagu ya fi na dama sauka ƙasa. Ni na yanka shi a karkace, ina 'yar shekara goma sha huɗu.

Ka tuna ƙyallen? Ragowar labule ne da Inna ta ɗinka wa wani masauki. Ka kawo mini shi bayan azahar, Baba yana kasuwa, ka zauna a kan buhun shinkafa ina gwada maka. Ka ce, "Ki rage ramin bakin nan, 'yar allura, kar wushiryata ta tona mini asiri." Da na nuna maka idon da na ɓata na fara kuka, ka ce in bar shi haka, dodo mai ido daidai ba ya ba kowa tsoro.

Kuma na tuna katifar da kake shimfiɗawa a saman soro da la'asar, kana faɗa mata da baya sau ba adadi, har Inna ta leƙo ta ce ko dai rufin gidan ya yi maka laifi ne. Ka nuna mini yadda ake lanƙwashe haɓa, yadda ake buga tafin hannu a ƙasa don ƙarar ta fi zafin yawa. Ka ce mini a wannan kokawar an san wanda zai ci tun kafin a hau, kuma wanda zai faɗi shi ne ke riƙe da ran ɗan'uwansa. Ban gane ba a lokacin. Abin da na gane kawai shi ne fuskarka tana haske idan kana bayaninsa, irin hasken da ban taɓa gani ba ranar da kake ɗaukar kaya a shagon mutane.

To amma kai ɗan Baba ne, kuma ka san wane ne Baba. Gwanin kokawa na ƙasar Gobir, wanda ake kiɗa wa ganga tun daga bakin gari. A kokawarsu gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, ka tashi ka tafi da kunyarka. Ya ce mana ranar da ya tsallako teku ya zuba layunsa da kambunsa cikin ruwa, ya tuba daga gare su. Abu ɗaya ne bai zuba ba, kuma da shi ya rene mu: "Bayana bai taɓa sanin ƙasa ba." Mun ji wannan maganar fiye da yadda muka ji sunayenmu.

Wani maƙwabcinmu ne ya sa kaset ɗin kokawarka a majalisar masu shayi, bayan la'asar. An ce Baba yana cikin masu dariya. An ce har ya ce wannan ƙaton banza ne, jiki ba zuciya. Sai ya ga koren mutumin ya sunkuya kafin kamu, ya taɓa ƙasa da yatsu biyu, ya shafa a ƙirji. Baba kaɗai ke yin haka a duniya, sai wanda ya koya wa. Yana gani aka shimfiɗe bayan koren mutumin a ƙasa, ya ajiye kofinsa ya taso. Waɗanda suke zaune kuwa sun riga sun sani, Yaya. Don su ga fuskarsa suka sa kaset ɗin. Wasunsu suna nan da rai, suna sahun gaba a masallaci, kuma na san 'ya'yansu za su karanta musu wannan. A karanta musu a hankali.

Kai kuma ka yi kuskuren da ya fi kowanne. Ka ɗauka idan ka gaya masa gaskiya zai huce. Ka durƙusa ka ce, "Baba, abokin karawata ba kayar da ni yake yi ba, shiri ne, tsarawa ake yi." Ina bayan labule, na ji amsarsa, kuma har yau ina jinta: "Da a ce da ƙarfinsa ya kayar da kai, da na ce maka sannu, na koya maka wani kamun. Ashe ba kaye ba ne, kwanciya ce."

Ya ɗaga ƙyallen ya tambayi wanda ya ɗinka. Ka ce a Jidda ka saya. Ya kalli ɗinkin, ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa. Daga ranar ya hana a ambaci sunanka a gidan.

Sauran ka fi ni sani, amma bari in faɗi nawa rabon a gaban mutane. Da lokacin sabunta iƙamarka ya yi, takardar izinin zama, ka zo sau uku don Baba ya je ya sa hannu, tunda a ƙarƙashin sunansa kake. Zuwanka na uku ni aka aiko ƙofa. Ban buɗe ba. Ta bayan ƙarfe na ce maka, "Baba ya ce ba ya nan." Ka yi 'yar dariya ka ce, "To ki ce masa na zo ban same shi ba, 'yar allura." Wannan ita ce magana ta ƙarshe tsakaninmu. Bayan wata biyar aka kama ka ba takarda, aka yi maka tarhil, aka tasa ƙeyarka zuwa ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, kai da aka yanke wa cibiya a Harra.

Kaset ɗaya ka aiko ta hannun wani alhaji, kana gaishe da Inna, kana cewa Hausar Maradi ta fi ƙarfinka, suna ce maka Balarabe. A nan dodon Afirka, a can Balarabe. Daga nan shiru. Duk shekara ina bin alhazan Nijar da tambaya. Wani ya ce ya ga mai kama da kai yana lodin mota a Agadas. Wani ya ce ba kai ba ne.

Na so in iya rubuta maka cewa Baba ya sauko kafin ya rasu. Na so in ce mun tarar da kaset ɗinka a akwatinsa. Na bincika akwatin nan har ƙasa, Yaya, ba komai sai tasbaha da tsohon fasfo. Yana jinya yana yi wa kansa kirari, bayansa bai san ƙasa ba, har ranar da aka kwantar da bayan nan a Baƙi'a. Allah ya jiƙansa, ubana ne, ina yi masa addu'a kullum, amma ban gama yafe masa ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. Inna kuwa a sujada kaɗai take faɗin sunanka, can ƙasa-ƙasa, tana zaton ba na ji. Ita ma ta bi Baba shekara shida da suka wuce.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Yaran nan da ba a haife su ba lokacin da kake hawa dandali, su ne suka zaunar da ni suka koya mini wana. Rawan ta rage gudun hoton ta ce in duba hannunka. Duk sanda ka ɗaga mutum za ka maka shi da ƙasa, tafin hannunka yana ƙarƙashin ƙeyarsa. Duk sanda shi zai ɗaga ka, ƙafarka ce ke tunkuɗa ƙasa, kai kake ɗaga kanka, shi yana karɓar tafi. Ta ce a cikin duk kaset ɗin da suka tara, ba wanda suke maimaitawa kamar naka. Akhdar suke ce maka, wato Kore. Har gardama suke yi a kanka, wasu su ce daga Sudan aka kawo ka, wasu su ce baƙon jirgin ruwa ne.

Sun je Jidda sun samo mutumin nan da yake kayar da kai kowace Alhamis, jarumin jama'a, mai farin wando. Ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya ce musu, "Kowannenmu ya taɓa karya wani, ban da Akhdar. Da ya ga dama da hannu ɗaya zai naɗe ni. Shi ya yi ni." Da suka tambaye shi sunanka na gaskiya sai ya ce bai taɓa tambaya ba. Shekara huɗu kana tare masa ƙeya, bai taɓa tambaya ba. Na rasa wanda zan fi jin haushi, shi da bai nemi sunan ba, ko mu da muka san shi muka binne.

A take na ce wa Rawan ta kawo alƙalami. Na ce zan ba su sunanka da na ubanka da na kakanka, da unguwar da aka haife ka, da malamin da ka sauke a hannunsa, su manna a ƙarƙashin hoton dodon da ba ya jin Larabci. Sai yarinyar nan ta riƙe mini hannu. Ta ce, "La, ya Abla. Kada ma ki faɗa mini. Mai rufin fuska ba a cire masa sai shi ya cire da hannunsa. Haka ƙa'idar take." Ta ce ko a dandali, babu cin mutuncin da ya kai a fizge wa mutum fuskarsa ba da yardarsa ba, kuma su ba za su yi maka haka ba muddin ba a tabbatar ka bar duniya ba.

Ka ji fa, Yaya. Shekara talatin na riƙe sunanka a baki saboda an ce abin kunya ne. Ranar da na buɗe baki zan faɗa, sai wasu suka rufe mini shi saboda suna ganin girmanka. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba a bayan ƙofar nan.

Shi ya sa wasiƙar ta fita ba suna. Izini nake nema. Idan kana raye, ka aiko mini ko da kalma ɗaya ce ta hannun ɗan Adam, ka ce in faɗa ko kar in faɗa. Idan ka ce kar in faɗa, na rantse zan tafi da shi kabari, wannan karon don kai, ba don tsoron kowa ba. Kuma don in san kai ne, ka gaya mini wanda ya karya ƙafar keken ɗinkin Inna, da wanda aka daka a kai.

Akwai abin da ba ka sani ba. Kafin a sa kaset ɗin nan a majalisa, na riga na ɗinka maka wani sabo daga sauran labulen, in ba ka ranar sallah. Na auna idanun da zare sau uku, sun fito daidai. Yana nan a ƙasan akwatina, ba wanda ya taɓa sa shi. Ƙofar gidan kuma yanzu ni ke riƙe da mabuɗinta.

Allah ya tsare mini kai a inda kake. Idan kana da ciwo a baya ko a gwiwa, Allah ya sassauta maka. Allah ya ba ka wanda zai tare maka ƙeya ranar da za ka faɗi, kamar yadda ka tare wa mutane. Idan kuwa ka riga mu, Allah ya sa ƙasar da bayanka ya sani ta yi maka taushi, ya haɗa ka da Inna, ya kuma sa wanda ya sani ya zo ya gaya mini, in samu in kira sunanka da ƙarfi sau ɗaya.

Ina nan, Yaya. Wannan karon da gaske ina nan.

Ƙanwarka,
Kubra, 'yar allura
Harra ta Gabas, Madina